Mutumin da aka cire daga hoton Rolling Stones

Tambaya: Baba, ni ɗalibi ne a Samaru, ina koyon jita, kuma muna da 'yar ƙungiya mu biyar. Tun da Charlie Watts, mai gangar Rolling Stones, ya rasu nake jin ana cewa shi ne ya riƙe wannan ƙungiyar kiɗan rok ta Ingila kusan shekara sittin. Amma ga shi bayan rasuwarsa sun ɗauki wani mai ganga sun ci gaba, har da sabon faifai. Da gaske shi ya riƙe su, ko yabon mamaci ne kawai?

Amsa: Ɗana, ka yi tambayar da ta kamata. Na yi shekara goma sha ɗaya ina kaɗa jitar bes a ƙungiyoyin Sabon Gari, tun farkon shekarun 1980, kafin in koma gyaran amfilifaya da lasifika, sana'ar da nake ci da ita har yau. Ƙungiya uku ta watse ina cikinta, don haka abin da ke riƙe makaɗa wuri ɗaya ba a takarda na koye shi ba. Charlie Watts ya riƙe kiɗan Rolling Stones, wannan babu musu. Amma idan maganar riƙe mutanen ake yi, a hana su tarwatsewa, sunan da zan fara kira shi ne Ian Stewart. Mai yiwuwa ba ka taɓa ganin fuskarsa ba, domin tun 1963 aka cire shi daga hoton ƙungiyar.

Bari in fara ba Charlie haƙƙinsa. Ya shiga ƙungiyar a watan Janairun 1963, ya zauna kan gangunan nan har ya rasu ranar 24 ga Agusta 2021 yana da shekara 80. A yawancin ƙungiyoyi kowa mai ganga yake bi. A Stones kuwa, kamar yadda mai bes ɗinsu Bill Wyman ya bayyana, Charlie ne ke bin jitar Keith Richards, yana biyo ta a baya da ɗan abin da bai kai ƙiftawar ido ba. Shi ya sa za ka ji kiɗansu kamar zai zube, amma ba ya zubewa. Yana kuma da wata ɗabi'a ta hannu: duk lokacin da sandar hagu za ta sauka kan ƙaramar gangar gabansa, a bugu na biyu da na huɗu, sai ya ɗage ta dama daga kan tagwayen farantan ƙarfen nan, don bugun ya fito shi kaɗai, fes. Mun taɓa shafe wata guda muna gwada wannan a bayan wani otal a Sabon Gari. Mai gangarmu ya iya ɗage hannun cikin kwana biyu, amma jinkirin nan bai taɓa kamuwa gare shi ba, don ba a hannu yake ba, a kunne yake.

Mutuncinsa ma gaskiya ne. Ya yi aure a 1964, ya zauna da matarsa har ƙarshen ransa, a sana'ar da aure ba ya daɗewa. Kuma na san ka ji labarin Amstadam na 1984, wanda Keith ya bayar a littafin tarihin rayuwarsa na 2010: Mick Jagger, mawaƙin ƙungiyar, ya buga waya ɗakin Charlie cikin dare yana tambayar ina mai gangarsa, Charlie ya tashi ya yi aski, ya sa kwat, ya je ya naushe shi, ya ce kada ya ƙara kiransa mai gangarsa. Mutane na jin daɗin labarin nan, suna kafa hujja da shi cewa Charlie ne mai tsawatar wa kowa. Ni dai shekarar nake so ka duba. Tsakanin 1983 da 1986 Charlie da kansa ya faɗa shan giya da hiroyin, shi ya faɗa da bakinsa daga baya. A faifan da suka ɗauka a 1985 akwai waƙar da Ronnie Wood, mai jita, shi ya buga gangarta. Wato a shekarun da ƙungiyar ta fi kusa da rushewa, Charlie yana fama da kansa. Ko lokacin da yake lafiya ma, ba mutum ne mai shiga tsakani ba. In an gama wasa ya koma gonarsa a Devon, wurin matarsa da dawakanta, ya saka faya-fayen jaz, waɗanda su ne abin da zuciyarsa take so tun yana yaro.

To wane ne Stewart? An haife shi a 1938 a Pittenweem, wani ƙaramin garin masunta a Sikotilan, ya tashi a gefen Landan. A watan Mayun 1962 Brian Jones, mai jitar da ya fara haɗa ƙungiyar, ya sa talla a wata jaridar jaz yana neman makaɗa, kuma Stewart ne ya fara amsawa. Ka ga ke nan ya riga Mick da Keith shiga. Mai piyano ne, gwanin salon bugi-wugi na baƙaƙen Amurka, wanda hannun hagu ke tafiya ba tsayawa kamar jirgin ƙasa. Ya girmi Mick da Keith da shekara biyar. Lokacin da su biyun da Brian ke kwana da yunwa a wani ƙazamin gida a unguwar Chelsea, shi akawu ne a kamfanin ICI, yana da albashi. Wayar teburinsa ta ofis ita ce lambar da masu neman ƙungiyar ke bugawa. Shi ya sayi 'yar bas ɗin da suke ɗora kaya. Da shi aka yi wasan farko a kulob ɗin Marquee ranar 12 ga Yuli 1962, kuma yana cikin waɗanda suka matsa sai an ɗauko Charlie, a lokacin da ba su da kuɗin biyansa.

A watan Mayun 1963 sai ga sabon manaja, Andrew Loog Oldham, yaro ɗan shekara 19. Ya dube su ya ce mutum shida sun yi yawa, 'yan kallo ba za su riƙe fuska shida ba, sannan Stewart da faɗin haɓarsa da shigarsa ta ma'aikaci bai yi kama da sauran ba. Aka ce ya fita daga hoto da dandamali, in yana so ya zauna yana tuƙa mota, yana ɗaukar kaya, yana buga piyano in an zo ɗaukar faifai.

Ɗana, ka tsaya ka auna wannan da kyau. Ka haƙa harsashi, ka ɗora tubali, gida ya tashi, sai wani baƙo ya zo ya ce ka koma zaure ka zama mai gadi, 'yan'uwanka kuma su yi shiru. A makaɗan da na sani, ba zan iya nuna maka mutum biyu da za su kwana a wannan gida ba. Stewart ya zauna shekara 22. Duk lokacin da na tuna wannan sai raina ya sosu, don an zalunce shi, kuma sauran biyar sun san an zalunce shi. Amma daga wannan zaluncin ne ya sami matsayin da babu wani a cikinsu da ya taɓa samu.

Ga yadda abin yake aiki, kuma nan ne nake so ka fi mai da hankali. A cikin ƙungiya, kowa yana da abin da yake karewa. Mick da Keith su ke rubuta waƙoƙi, don haka kuɗin mallaka nasu ne, kuma kowannensu yana ganin shi ne jagora. Brian Jones, tun 1963, an gano yana karɓar ƙarin fam biyar a mako a matsayin shugaba ba tare da sanin sauran ba, abin bai taɓa barin zukatansu ba. A irin wannan wuri gaskiya ba ta shiga kunne, don kafin a ji maganar sai an tambayi me mai maganar yake nema. In Keith ya ce wa Mick waƙar nan ba ta yi ba, Mick kishi yake ji. In Mick ya ce wa Keith ka makara, Keith mulki yake ji. Stewart kaɗai ne yake da haƙƙin wanda ya kafa gida, amma ba shi da kaso a takarar suna. Fuskarsa ba ta kan faifai, ba ya neman makirfo, 'yan jarida ba sa bin sa. In ya ce abu bai yi ba, to bai yi ba ne, babu wata manufa a bayan maganar. Bayan rasuwarsa Mick da kansa ya ce Stewart ne mutum ɗaya da suke ƙoƙarin gamsarwa in suna rubuta waƙa ko suna gwaji. Ka yi tunani, mutumin da filin ƙwallo ke cika dominsa yana satar kallon direbansu ya ga ko ya gyaɗa kai.

Kuma bai taɓa yi musu fadanci ba. An san shi da ƙin buga haɗin sautin nan mai alhini da makaɗa ke kira maina, in waƙa ta kai wurin sai ya ɗage hannuwansa daga piyano. A Disambar 1969, a situdiyon Muscle Shoals da ke Alabama, haka ya ƙi wata waƙa, sai wani mai piyano, Jim Dickinson, ne ya zauna ya buga. In lokacin hawa dandamali ya yi, da baƙar magana yake korarsu daga ɗaki, yana kiransu yaransa da ba su san komai ba sai haɗin sauti uku. Yana son wasan golf, don haka in shi ya kama masauki sai ya nemo otal mai filin golf can bayan gari, su yi ta ƙorafi. Don kansa ya yi, amma a ganina nisan nan da gari ya raba su da fitina fiye da sau ɗaya. Mutanen da duniya ke yi wa kirari dare da rana suna buƙatar wanda ya san su tun ba su da kuɗin biredi, kuma har yanzu da wannan idon yake kallonsu.

Ban da halinsa, akwai aikin hannu da ba a cika lissafa masa ba. Da Brian Jones ya bar ƙungiyar a Yunin 1969, Stewart da wani makaɗi, John Mayall, ne suka ba da shawarar a ɗauki mai jita Mick Taylor a madadinsa, kuma shekaru biyar na Taylor su ne mafi yawan masu sauraro ke ɗauka a matsayin ganiyar ƙungiyar. Shi ya kula da situdiyon tafi-da-gidanka, wato babbar mota da aka cika da na'urorin ɗaukar sauti, wadda ta ba su damar yin faifai a gidan Mick a ƙauye, sannan a gidan da Keith ya kama haya a kudancin Faransa a 1971 bayan haraji ya kore su daga Ingila. Da motar nan ƙungiyoyin Led Zeppelin da Deep Purple suka ɗauki manyan faya-fayensu a wannan shekarar. Ni da na yi rayuwata tsakanin wayoyi da kwanon dalma, na san darajar wanda ke tabbatar da cewa kaya sun isa, sun kunnu, kafin taurari su farka. A ƙarshen shekarun 1970 kuma ya kafa wata ƙungiyar bugi-wugi mai suna Rocket 88, yana jan Charlie zuwa ƙananan kulob-kulob su yi kiɗan da suke so. Ko Charlie ɗin da ake cewa ginshiƙi, wurin Stewart yake zuwa ya sha iska.

Ka shiga cikin birni ka dubi tsofaffin soraye irin ginin Babban Gwani. Abin da ido ke gani bakan gizo ne da zanen bango. Azarar da ke ɗauke da nauyin tana cikin ƙasa a lulluɓe, baƙo zai shiga ya fita bai san da ita ba.

Ranar 12 ga Disamba 1985 Stewart ya je ganin likita a Landan saboda numfashi na yi masa wuya, zuciyarsa ta tsaya yana ɗakin jira. Shekararsa 47. A Fabrairun 1986 suka yi masa wasan tunawa a wani ƙaramin kulob, 100 Club. A Maris faifan da suka ɗauka a 1985, Dirty Work, ya fito, Mick ya ƙi fita rangadi da shi. A 1987 ya fitar da faifansa na biyu shi kaɗai, a 1988 ya tafi Japan da wasu makaɗa yana rera waƙoƙin Stones, Keith shi ma ya fitar da nasa a wannan shekarar. Suka koma zagin juna a jaridu, har Keith ya kira lokacin yaƙin duniya na uku. Daga rangadin Turai na 1982 ba su sake fita ba sai 1989.

Sai dai ba zan ɓoye maka abin da za a iya ƙalubalantata da shi ba. Bangon ya tsage tun Stewart na da rai. Yarjejeniyar da suka yi da kamfanin CBS a 1983 ta ƙunshi faya-fayen Mick na kansa, abin da ya ƙona wa Keith rai, kuma na farkon ya fito a Fabrairun 1985. A wasan Live Aid na Yulin 1985 a Philadelphia, Mick ya hau dandamali daban, Keith da Ronnie suka hau daban tare da Bob Dylan. Don haka ban ce mutuwarsa ce ta haddasa rigimar ba. Abin da nake cewa shi ne, yana raye, duk da gabar, sun taru a situdiyo a Faris da New York sun gama faifai. Da ya tafi, kusan shekara uku ba su yi aiki tare ba. Harshe da haƙori ma suna saɓawa, kuma Mick da Keith sun saba saɓawa tun suna samari. Abin da ya canza shi ne babu sauran wanda dukansu biyu ke jin kunyarsa.

Sulhun da aka yi a Barbados a farkon 1989 yana da iyaye da yawa. Ronnie Wood ya yi ta kai-kawo tsakaninsu, kuma ya cancanci yabo, musamman da yake a lokacin ɗan albashi ne, sai a farkon shekarun 1990 aka mai da shi mai kaso. Kuɗi ma sun yi magana: kowannensu ya gwada shi kaɗai ya ga bai kai rabin abin da suke tarawa tare ba. Daga 1989 Rolling Stones ta zama kamfani sosai, da lauyoyi da akantoci da ɗaruruwan ma'aikata. Rupert Loewenstein, wanda ya riƙe musu harkar kuɗi daga 1968 zuwa 2007, yana gefe guda. Chuck Leavell, mai piyanon da ya fara fita da su a 1982, ya zama mai tsara kiɗa, yana riƙe da littattafan da ya rubuta yadda ake buga kowace waƙa. Aikin da mutum ɗaya yake yi da mota ɗaya da baki ɗaya, sai da aka raba shi ga jama'a.

Wannan ne ya amsa rabin tambayarka na biyu. Sun iya ci gaba bayan tafiyar Wyman a 1993 da rasuwar Charlie a 2021 domin a lokacin ba zumunci kaɗai ke riƙe da su ba, akwai tsari. Steve Jordan da ya hau gangunan ba baƙo ba ne, tun shekarun 1980 yake aiki da Keith, kuma Charlie da kansa ya nemi ya tsaya masa makonni kaɗan kafin rasuwarsa. Amma ka saurari faifan 2023 da kunnen makaɗi. Waƙa biyu a ciki gangar Charlie ce, kusan duk sauran na Jordan ne. Jordan gwani ne, bugunsa ya fi ƙarfi, yana tura kiɗan gaba. Jinkirin nan da na gaya maka ya tafi da mai shi. Ƙungiyar tana nan, sautin ya canza, kuma wannan shi ne ainihin abin da Charlie ya riƙe.

Su da kansu sun san bambancin. Da za a shigar da su zauren girmama mawaƙan rok na Amurka a Janairun 1989, sun dage sai an sa sunan Stewart cikin jerin, shekara 26 bayan an cire shi daga hoto. A littafinsa kuma Keith ya ce a wurinsa ƙungiyar ta Stewart ce, har yanzu shi yake yi wa aiki.

Abin da ya sa nake ɗaukar maganar nan da zafi shi ne na taɓa ganin irinta da idona. A ƙungiyata ta biyu muna da wani dattijo, yana ɗan taɓa ogan, ba gwani ba ne, sunansa ba ya kan allon talla. Bas ɗin da muke ɗora kaya tasa ce. Shi ke karɓar kuɗi a hannun masu otal da masu biki, ya rubuta a littafi, ya cire na mai da na gyara, ya raba saura a gaban kowa a kan murfin lasifika. In mawaƙinmu ya fara ji da kansa, kallo ɗaya yake yi masa. Ciwo ya kwantar da shi, 'ya'yansa suka mai da shi garinsu. Ba mu rufa wata huɗu ba mawaƙin da mai jita suka kama wuyan juna kan kuɗin liƙi na wani biki a Tudun Wada, kuɗin da bai kai na sabon saitin tsirkiya ba. Kiɗanmu a daren nan bai taɓa yin daɗi haka ba, kuma shi ne na ƙarshe. Ka tambayi duk wanda ya taɓa bin makaɗan kalangu, zai gaya maka jama'a sunan mawaƙi suka sani, amma 'yan amshi da makaɗa sun san wanda ke raba kyauta, sun san kuma ranar da aka daina yarda da rabonsa tafiya ta ƙare. Ko Tony Allen, wanda gangarsa ce ƙashin bayan kiɗan Fela, maganar kuɗi da haƙƙi ce ta raba su bayan wasan Balin na 1978.

Ku biyar ɗin nan, na tabbata akwai wanda ke neman ɗakin gwaji, ya ari amfilifaya, ya tuna wa kowa lokaci, ya kashe kuɗin kati yana kiran wanda ya yi fushi. Watakila ba shi ne gwaninku ba. Ku sa sunansa a duk abin da za ku buga, ku ba shi kaso daidai da kowa, ku rubuta rabon a takarda tun kuɗin ba su zo ba.

Sannan ka nemi Dirty Work ka bar shi ya tafi har ƙarshe. Bayan waƙar ƙarshe ta ƙare, kada ka kashe, akwai kamar daƙiƙa talatin na piyano shi kaɗai, ba ganga ba murya. Stewart ne, sun saka ne bayan rasuwarsa. Ina da faifan a shago. In ka shigo Sabon Gari ranar Asabar bayan la'asar sai in saka maka, ka zo da mai gangarku, in nuna masa wurin da Charlie ke ɗage hannu.